Idan girka Linux ya cije wajen kulle faifai

Ɗaliban kwamfuta a Kazaure da masu gyara a Babura, Roni da Gwiwa sun san wannan ciwon kai: ka raba faifai da hannunka, ka sa masa makullin LUKS, ana tsaka da girka Ubuntu sai aikin ya tsaya cak.

Fara da fayil ɗin Ubuntu da ka sauke ka sa a filashi. Intanet ɗinmu yakan yanke ana cikin saukewa, don haka gwada lambar SHA256 ta fayil ɗin da wadda masu manhajar suka wallafa.

Sau da yawa laifin na rabon faifan ne. Kada ka kulle faifan gaba ɗaya. Bar ɓangaren EFI a tsarin FAT32, ka ware wa /boot nasa wurin a buɗe, kamar gigabayit 2, sauran ka kulle. Dalili kuwa, GRUB 2.06, mai tada kwamfutar, ba ya iya buɗe LUKS2 mai amfani da Argon2, kuma kwamfutar da ta kasa karanta /boot ba za ta tashi ba. Idan tsohuwar manhajar girka Ubuntu ce a hannunka, buɗe ɓangaren da ka kulle da cryptsetup tun kafin ka tada manhajar girkawa, domin ta gan shi.

Idan kwamfutar ta hannu ce mai Windows, dakatar da BitLocker, ka adana lambar cetonsa, sannan ka duba a BIOS ko faifan yana kan tsarin AHCI.

Don Allah kwashe aikinka na makaranta zuwa wani faifan tukuna, kuma kada ka fara sai batir ya cika. Kalmar sirrin LUKS idan ta ɓace, babu mai gyaran da zai dawo maka da komai.