Filin Sukuwa Na Legas Da Dawakinsa: Waiwaye Kan Tarihi

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗalibai mun san Dandalin Tafawa Ɓalewa da ke tsibirin Legas, amma kaɗan ne suka san cewa asalinsa filin sukuwa ne. A wannan maƙala zan yi tsokaci a kan tarihin filin da kuma dawakin da suka yi fice a cikinsa, domin in nuna cewa wurin yana da tsohuwar alaƙa da ƙasar Hausa.

Asalin Filin

A shekarar 1859 ne Sarkin Legas, Oba Dosunmu, ya bai wa Turawan Ingila wannan fili, wato shekara biyu kafin su mayar da Legas ƙarƙashin mulkinsu a 1861. Turawa suka shata da'irar tseren dawaki, tsakiyar kuma ta zama wurin ƙwallon ƙafa da kurket. A nan ne kuma 'yan makaranta kan yi faretin Ranar Daular Ingila kowace 24 ga Mayu. A 1909 aka buɗe Kwalejin King's a gefen filin.

Daga Ina Dawakin Suke?

A nan ne gizo yake saƙa. Doki ba ya daɗewa a kurmi, saboda ƙudan tsando da ke sa masa cutar sammore. Shi ya sa tun kafin zuwan Turawa, Daular Oyo daga Arewa take sayen dawakin yaƙinta, ta hanyar Nufe da Bargu. Haka abin ya ci gaba a zamanin sukuwa, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, aka rage wahalar koro dabbobi a ƙafa.

Dawakin Arewa jinsi biyu ne suka fi shahara. Akwai ɗan Dongola, mai asali daga Sudan, wanda ya yaɗu ta Barno. Dogo ne mai dogayen ƙafafu, don haka takunsa ke da faɗi. Akwai kuma jinsin Barb na Arewacin Afirka, wanda bai kai shi tsawo ba, amma ya fi juriya. Sai dai jini kaɗai ba ya fid da zakara. Dole a sami ɗan barga mai ba shi dawa da harawa da kanwa a kan kari, da mahayi marar nauyi mai fita da shi kilisa da sassafe. Bahaushe kuwa da launi yake kiran dokinsa: kili fari ne, akawal baƙi, danda kuma mai dabbare-dabbare.

Daga Sukuwa Zuwa 'Yanci

Babbar ranar filin ita ce 1 ga Oktoba, 1960. A nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya, Gimbiya Alexandra ta wakilci Sarauniya, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya yi jawabi. A 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka gine filin da kankare, aka sa masa sunan Ɓalewa, aka kafa mutum-mutumin fararen dawaki huɗu da jajayen mikiyoyi bakwai a bakin ƙofa. Daga nan sukuwa ta ƙare a wurin. Harkar doki a birnin ta fi ƙarfi yanzu a kulob ɗin folo na Ikoyi.

Kammalawa

A ganina, tarihin wannan fili bai cika ba idan aka tsaya kan gwamnoni da tutoci, aka bar dawaki da masu kiwonsu. Irin wannan sani yana bakin dattawa ne, kuma kullum raguwa suke yi. Ina kira ga 'yan uwana masu neman batun kundin digiri su shiga Obalende da Agege da Idi-Araba da rikoda, su tattaro sunayen dawaki da kirarinsu tun da sauran masu ba da labari.