Amsar Tambaya: Zaɓen Shok ɗin Gaba ga Motar da Aka Ƙara wa Tsayi

Tambaya: Wane shok ya dace da gaban Hilux ɗin da aka ɗaga?

Amsa: Shok, wato bututun mai da ke hana sifirin yawan rawa, tilas tsawonsa ya yi daidai da ɗagawar, domin na asali kan miƙe har ƙarshensa idan an ƙara inci 2, sai ya riƙa bugawa a gargada har ya fara yoyo. Mai saye a shagunan Sabon Gari ko Fagge ya auna shi a miƙe da kuma a matse, ya guji na hannu mai jiƙe da mai, ya canza dama da hagu tare, sannan bakanike ya saita tayoyin, don kada su cinye ta gefe guda.