Yadda ake ɓoye sirri a wasan bidiyo

Daga amsa ake farawa. Kafin a zana ko ƙofa ɗaya, mai tsara wasan ya rubuta abin da zai ɓoye da dalilin ɓoye shi, sannan ya riƙa komowa baya yana zuba alamu. In aka zuba alamu babu amsa a ƙasa, 'yan wasa za su yi ta haƙilon banza, ranar da suka gano kuwa ba yafewa za su yi ba.

Sai a nuna musu kullen. A Tunic, wasan da Andrew Shouldice ɗan Kanada ya fitar a 2022, akwai ƙatuwar ƙofa a saman dutse, a garƙame. Mutum zai je gabanta, ta ƙi buɗuwa, ya juya tana cinsa a rai.

Babban aikin yana wajen makulli, kuma mafi daɗinsa shi ne wanda ba a ɗauka a hannu, wato sani. Shouldice ya yayyaga littafin koyar da wasan, ya warwatsa shafukan a cikin duniyar wasan, galibinsu da wani rubutu na ƙirƙira. Kana cikin tafiya ka tsinci shafi, zane ya nuna maka cewa in ka danne maɓalli ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi, ɗan yanyawan da kake sarrafawa zai durƙusa ya yi addu'a, wasu na'urori su farka. Tun minti na farko kana iya yin haka, ba ka sani ba ne kawai! Can gaba ka gane layukan da aka zana a bango da ƙofofi umarni ne: sama, ƙasa, hagu, dama. Nan take duk inda ka wuce a baya ya koma sabo.

Amma a fara koyarwa da ƙananan ƙofofi masu gajeren layi, kafin a kai mutum ga ta dutsen, wadda sai ya harhaɗa amsarta daga shafuka da dama. Kowace muhimmiyar alama a sa ta wuri fiye da ɗaya, don ido yakan tsallake.

Adalci wajibi ne. Warren Robinett ya ɓoye sunansa a wani ɗaki cikin wasan Adventure na kamfanin Atari a 1980, domin a lokacin kamfanin ba ya sa sunayen masu ƙirƙira. Makullin ɗakin ɗigo ɗaya ne mai launin toka da ya saje da bango. Tarihi ya kafu, amma a ganina wannan sa'a ce ke buɗe shi, ba tunani ba.

Daga nan sai gwaji. A zaunar da wanda bai taɓa ganin wasan ba, mai tsarawa ya kame bakinsa ya zuba ido. In kowa ya warware nan da nan, a rage alama. In duk sun cije a wuri ɗaya, a matso da alamar kusa da hanyar da suke bi, ko a ƙara mata haske, kada dai a rubuta musu amsar.