Darasi Daga Tarihin Ikilisiya: Shugabannin Baraden Waliyyi Yohanna

Darasinmu na wannan wata ya shafi wata ƙungiya wadda ta faro daga gidan jinya a Urushalima. Shugabanta na fari shi ne Mai Albarka Jerard, wanda ya riƙa karɓar masu ziyarar ibada da ciwo ya kwantar. A shekarar 1113 Paparoma Faskal na Biyu ya amince da ƙungiyar, ya kuma ba 'yan'uwan ikon zaɓen shugabansu da kansu.

Bayan rasuwar Jerard a 1120, Raimon du Puy ya hau kujerar. A zamaninsa ne 'yan'uwan suka ɗauki takobi domin tsaron hanya da garuruwa. Duk da haka, a cikin dokar da ya rubuta musu ya kira kansa bawan matalautan Almasihu, majinyata kuwa su ne iyayengijinsu. Ba Kirista kaɗai ake kwantarwa a asibitin ba, har da Musulmi da Yahudawa.

Mulkin da takobi ya kawo musu bai dawwama ba. Sun rasa Akka a 1291, suka rasa tsibirin Rodos a 1522. Babban Shugaba Jan de Valet ya kare Malta daga rundunar Usmaniyya a 1565, amma a 1798 Napoliyon ya kore su daga can. Tun 1834 mazauninsu yana Roma, ba su da ƙasa, ba su da mayaƙa. Abin da ya saura shi ne aikin Jerard: har yau suna riƙe da Asibitin Iyali Mai Tsarki a Baitalami, inda mata ke haihuwa.

Takwarorinsu, Baraden Haikali, sun shahara da yaƙi da dukiya. Sarki Filib na Huɗu na Faransa ya kama su a 1307 bisa zarge-zarge marasa tushe, Paparoma Kilement na Biyar ya rushe ƙungiyar a 1312, aka ƙone shugabansu na ƙarshe, Jak de Mole, a Faris a 1314.

Mu da muke riƙe da muƙami a majalisar coci, ko Zumuntar Mata, ko ƙungiyar matasa, sai mu tambayi kanmu: in an karɓe kujerar gobe, wane aikin jinƙai ne zai saura a bayanmu? Yaushe rabon da mu duba marar lafiya a unguwarmu? Ubangiji ya ba mu zuciyar bawa. Amin.