Komawa Zamanin DOS: Yadda Za Ka Tayar da Tsohuwar Manhaja a Laftof Ɗinka

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya leƙa shagunan buga takardu na Court Road a Gyadi-Gyadi ko na Zoo Road zai iya cin karo da tsofaffin kwamfutocin tebur a jibge a lungu, ƙura ta rufe su. Jefi-jefi ma akan samu wadda take aiki har yanzu, da hoton nan na koren tudu da shuɗin sama na Windows XP. Yawancinmu kallon bola muke yi musu. Amma a duniya akwai mutanen da sha'awarsu ke nan, su tayar da tsohuwar babbar manhaja, wato wadda take tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, su koye ta, su yi wasa da ita. A ganina, ga ɗalibin kwamfuta abin ya wuce sha'awa. Tsohuwar manhaja ƙarama ce, kana iya ganin cikinta duka, alhali ta yau ta lulluɓe komai da hotuna sai dai ka yi ta dannawa.

Da DOS za mu fara. MS-DOS ta fito a 1981 tare da kwamfutar IBM PC, kuma ta ƙarshe da Microsoft ya sayar ita kaɗai ita ce 6.22, a 1994. A wannan shekarar wani ɗalibi a Amurka mai suna Jim Hall ya fara haɗa kishiyarta ta kyauta, FreeDOS, wadda har yau ake sabunta ta. Ita nake ba da shawara, don babu maganar lasisi, ba kamar XP ba da har gobe mallakar Microsoft ce ko da an daina sayar da ita.

Ba sai ka sayi tsohon inji ba. Sauke VirtualBox, manhaja ce ta kyauta da take ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta, sannan ka sauke fayil ɗin ISO na FreeDOS. Mutum ɗaya ya sauke ya raba wa 'yan aji a filashi, ba sai kowa ya ƙona datarsa ba. Buɗe sabon inji, zaɓi DOS a jerin nau'o'i, ba shi RAM megabait 64 da faifan ajiya megabait 500, ka saka masa ISO ɗin a matsayin CD, ka kunna. Zai nemi ya yanka faifan, ya sake tashi, ya goge shi, sannan ya zuba kansa. Kada gabanka ya faɗi da ka ga maganar gogewa, faifan na bogi ne, fayil ne kawai a cikin laftof ɗinka. Idan VirtualBox ya ƙi tashi, galibi VT-x ne a kashe, sai ka shiga BIOS ka kunna shi. Wanda laftof ɗinsa ya gaji sosai ya nemi DOSBox, ya fi sauƙi, sai dai ba zai ga yadda ake girkawa ba.

Da ya gama za ka ga baƙin allo da C:\> yana jiranka. Babu linzami, babu hoto, sai kibod. (Me ya sa C, ba A ba? Saboda A da B na fulofi ne, faifan nan mai ɗaukar megabait 1.44, wanda hoto ɗaya na wayarka ba zai shiga ba. Fulofi ya tafi, C ta zauna.) Rubuta DIR ka ga abin da ke ciki. MD yana buɗe folda, CD yana shiga da kai, COPY da DEL kuwa sunansu ya faɗi aikinsu. EDIT na rubutu ne, TYPE na karantawa. Suna ba ya wuce harafi takwas, sai ɗigo, sai harafi uku. Rubuta MEM kuma za ka ga iyakar nan ta kilobait 640: ƙwaƙwalwar 8088 da ke cikin IBM PC megabait ɗaya kacal take iya kaiwa, aka ware kilobait 384 don allo da BIOS, sauran aka bar wa manhajoji. A cikin wannan ɗan ɗaki mutane suka rubuta abubuwan da suka tafiyar da ofisoshi shekara da shekaru.

To ga inda nake so mu daɗe. Ƙirƙiri fayil, ka goge shi da DEL, sannan ka gwada UNDELETE. Zai nuna maka sunan, amma harafin farko ya ɓace, ya ce ka cika. Dalili shi ne a tsarin ajiya na FAT, gogewa ba ta taɓa ainihin abin da ka rubuta. Harafin farko na sunan kawai ake maye wa gurbi da wata alama, sai a rubuta a tebur cewa wurin babu kowa. Kamar a cire allon suna daga ƙofar shago ne, kaya na nan a ciki har sai sabon ɗan haya ya zo ya zuba nasa. Filashinka da memorin wayarka jikokin wannan tsari suke amfani da su, FAT32 ko exFAT. Don haka ranar da furojet ɗinka ya goge daga filashi, abu na farko shi ne ka zare shi, kada ka ƙara saka ko fayil ɗaya, sai an gwada manhajar dawo da bayanai.

Haka bairos ɗin nan da ake kwasowa a wurin firintin, wanda yake mayar da folda ta koma gajeriyar hanya mai kibiya. Sau da yawa bai ci komai ba, ɓoyewa kawai ya yi. Umarnin ATTRIB, wanda yake nan tun zamanin DOS, har yanzu yana aiki a cmd na Windows. Idan filashin E ne, rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* sai foldojin su bayyana. Daga nan ka kwashe su, ka wanke filashin. Wallahi akwai masu biyan kuɗi a yi musu wannan layi ɗaya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Hausawa. Jerin haruffan DOS guda 256 ne, kuma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da font masu haruffan lanƙwasa, Rabiat da Abdalla. Dabarar irin waɗannan font ita ce aron maɓallan da Hausa ba ta cika buƙata ba. Shi ya sa idan ka buɗe tsohon rubutun Hausa a injin da babu font ɗin, sai ka ga }asa a madadin ƙasa, ko ha]a a madadin haɗa. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Ko dai ka saka font ɗin, ko ka sauya alamomin da haruffan Unicode. Wanda ya fi wuya shi ne littafi ko mujallar da aka tsara da PageMaker, don manhajojin yau ba kowacce ke buɗe shi ba. A nan ne Windows 98 ko XP a cikin VirtualBox take zama mabuɗi, kuma Allah kaɗai ya san yawan rubutun Hausa da ke kwance a waɗancan injinan na lungu.

Sai gargaɗi, kuma da gaske nake. XP ta fito a Oktoban 2001, Microsoft ya daina yi mata gyaran tsaro ranar 8 ga Afrilu, 2014. A Mayun 2017 WannaCry ya bi ta wata kafa a Windows da ba a toshe ba, ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin gwamnati a Ingila. Saboda haka kada ka haɗa tsohuwar Windows da intanet, ka kashe mata hanyar sadarwa tun daga saitin VirtualBox, kuma kada ka shigar da lambar sirrin banki ko ta fotal ɗin makaranta a cikinta. Windows 10 ma ta bi sahu tun 14 ga Oktoba, 2025, ita ce kuwa a kan laftof ɗin da yawa daga cikinmu.

Wanda ya samu inji na gaske, irin Pentium 4 ɗin nan, ya fara buɗe shi ya kakkaɓe ƙurar hunturu kafin ya ba shi wuta. Ya duba kafasito ko sun kumbura, ya canza ɗan batirin CR2032, don shi ne yake sa agogo ya riƙa komawa baya duk sanda aka kashe. Kafin ka goge faifansa kuma, kwafe duk abin da ke ciki ka tambayi mai shi.

Aikin gida: a FreeDOS, buɗe FDAUTO.BAT da EDIT, ka ƙara layin ECHO da sunanka a ƙarshe, ka sake kunna injin. Fayil ɗin da yake gudana ke nan duk lokacin da aka tashi, don haka karanta sauran layukan ɗaya bayan ɗaya ka ga me kowanne yake yi.