Rikicin Masu Ɗaukar Nauyin Wasanni da Dalilin Sauya Sheƙar 'Yan Wasa

ABUJA: A ƙarshen shekarar 2010 ne hukumar da ke gudanar da babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, wadda ofishinta yake nan Abuja, ta ba da sanarwar cewa ta sayar wa kamfanin sadarwa na MTN izinin ɗora sunansa a kan gasar, ta hannun wani kamfanin dillanci mai suna Total Promotions, a kan kuɗi fiye da Naira miliyan dubu 2. Kamfanin Globacom, wanda shi ne yake riƙe da wannan izini a shekarun da suka gabata, bai amince da yadda aka yi cinikin ba. Magana ta kai gaban kotu, aka ci gaba da buga gasar babu sunan ko ɗaya daga cikinsu, har zuwa 2013 lokacin da ragamar gasar ta koma hannun kamfanin LMC, sannan Globacom ya dawo.

Darasinmu na wannan mako zai duba abin da kamfani yake saye idan ya ɗauki nauyin wasa, da kuma dalilin da ya sa irin wannan ciniki yake iya raba ɗan wasa da ƙungiyarsa ko da babu saɓani tsakaninsu a fili.

Abin da kamfani yake saye

Mutane da yawa suna ɗauka cewa kamfani yana biyan kuɗi ne domin a ga sunansa a riga ko a allon filin wasa. Wannan rabin cinikin ne kawai. Ɗaya rabin, wanda sau da yawa ya fi tsada, shi ne alkawarin cewa ba za a ga sunan abokin hamayyarsa a wurin ba. Za mu iya kiran wannan sharaɗin hana kishiya. Kamfanin wayar salula ba ya damuwa idan banki ko kamfanin siminti ya kafa allonsa kusa da nasa, amma ba zai yarda da wani kamfanin waya ba, domin mai saye ɗaya suke nema.

Matsalar ita ce ana sayar da wannan alkawari a matakai uku dabam-dabam. Hukumar gasa tana sayar da nata, ƙungiya tana sayar da nata, shi ma fitaccen ɗan wasa yana sayar da sunansa da hotonsa. Kowannensu yana sa hannu a takardarsa shi kaɗai, amma ranar wasa dukkansu a fili ɗaya suke haɗuwa.

Misali daga tseren babura

Babu inda wannan ya fi fitowa sarari kamar gasar tseren babura a kan turɓaya da tuddai, wadda ake kira motokuros, musamman a Amurka. A can, kamfanonin ƙera babura ne suke da manyan ƙungiyoyi, amma kamfanonin lemon ƙara kuzari ne suke zuba kuɗi mai yawa. Ƙungiyoyin Kawasaki da Yamaha suna ɗauke da sunan Monster Energy, ta KTM kuwa tana ɗauke da sunan Red Bull. Saboda haka matuƙin da yake da yarjejeniyar kansa da Red Bull, wanda tambarin kamfanin yake kan hular kwanonsa, ba zai shiga ƙungiyar da Monster Energy yake ɗaukar nauyinta ba sai ya rabu da wancan kuɗi. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. A lissafin tattalin arziki, dole albashin da sabuwar ƙungiya za ta ba shi ya rufe abin da zai yi asara, in ba haka ba ciniki bai faɗa ba.

Wani lokaci kuma ba kuɗi ne yake raba su ba, sharaɗi ne. Bajamushen nan Ken Roczen ya yi wa ƙungiyar Honda tsere daga 2017 zuwa 2022. A ƙarshen 2022, ana cikin tattaunawar sabunta kwantaragi, ya nuna yana son shiga wata sabuwar gasa ta duniya wadda ƙungiyar ba ta sa a tsarinta ba. Ba su daidaita ba, kowa ya kama gabansa, a 2023 sai ga shi a kan babur ɗin Suzuki.

A ƙwallon ƙafa ma an ga irin haka. A 2018, gab da gasar cin kofin duniya, hukumar ƙwallon Masar ta manna hoton Mohamed Salah a jikin jirgin saman 'yan wasa tare da tambarin kamfanin sadarwa na WE, alhali shi yana da yarjejeniya da Vodafone. Sai da manyan jami'an ƙasar suka sa baki kafin ƙura ta lafa.

Yadda abin yake a gida

A Nijeriya, rikicin masu ɗaukar nauyi yana sa 'yan wasa sauya sheƙa ta wata hanya dabam, wato ta hanyar ƙafewar aljihun ƙungiya. A da, kamfanoni da attajirai ne suke da fitattun ƙungiyoyi. Leventis United da Abiola Babes sun yi tashe a shekarun 1980, amma da masu su suka janye sai suka watse, 'yan wasansu suka bazu. BCC Lions ta Gboko, wadda kamfanin simintin Binuwai ya riƙe, ta ci kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashensu a 1990, daga baya ta dusashe tare da ƙarfin kamfanin.

A yau yawancin manyan ƙungiyoyi na gwamnatocin jihohi ne, kamar Kano Pillars, wadda ta lashe gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014. Idan gasa ta rasa mai ɗaukar nauyi, kason da ƙungiyoyi suke samu daga Abuja ya tsaya, komai ya koma kan baitulmalin jiha. Daga nan bashin albashi ya taru, ɗan wasa ya fara neman inda za a biya shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa LMC ta soke tsarin kuɗin sa hannu, wanda aka daɗe ana bin ƙungiyoyi bashinsa, ta ƙayyade mafi ƙarancin albashin wata.

Tsawon kwantaragi shi ma makamin ciniki ne. Dokar FIFA ta ba ɗan wasa damar ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya idan saura wata 6 kwantaraginsa ya ƙare, saboda haka ƙungiyar da ta yi jinkirin sabuntawa tana iya rasa shi ba tare da ta karɓi ko kwabo ba. Ɗan wasan da ya san darajarsa kuma yakan zaɓi gajeriyar yarjejeniya. Ahmed Musa ya dawo Kano Pillars a watan Afrilu na 2021 a kan irin wannan, zuwa watan Yuli ya tafi Fatih Karagümrük ta Turkiyya.

Abin lura ga ɗan kasuwa

Duk ɗan kasuwar da yake shirin ɗaukar nauyin ƙungiya, ko gasar unguwa, ko ɗan dambe, ya kamata ya tabbatar takardarsa ta amsa waɗannan tambayoyi:

1. Waɗanne irin kayayyaki ne aka hana wa abokin hamayya tallatawa, kuma a ina: riga, allo, rediyo ko talabijin?
2. Shin 'yan wasan suna da yarjejeniyar kansu da wasu kamfanoni, kuma wa yake da ikon amfani da hotunansu?
3. Idan wa'adi ya cika, shin tsohon mai ɗaukar nauyi yana da haƙƙin a fara yi masa tayi kafin a kai kasuwa?
4. Idan tauraron ƙungiya ya tafi, ko ƙungiyar ta faɗa ƙaramin rukuni, za a rage farashi?
5. Idan an sami saɓani, wa zai yi sulhu kafin a je kotu?

Kuɗin da za a biya lauya ya duba waɗannan sharuɗɗa tun farko bai kai asarar kakar wasa guda ba. Abin da ya faru a Abuja tsakanin 2010 da 2013 ya nuna cewa idan ciniki ya maƙale a kotu, kamfani ya rasa talla, ƙungiya ta rasa kuɗi, 'yan kallo kuma su wayi gari gwanin nasu yana sanye da rigar wasu.