Gyaran Karkatar Gani: Tabarau, Gilashin Mannawa ko Tiyata

Karkatar gani, wadda likitoci ke kira astigmatizim, tana samuwa ne idan fatar gaban ƙwayar ido ba ta zagaye daidai ba, ta ɗan miƙe kamar ƙwai. Haske ba ya taruwa wuri ɗaya, sai a riƙa gani dishi-dishi kusa da nesa, ga ciwon kai da ƙanƙance ido wajen karatu ko tuƙin dare.

Tabarau ya fi sauƙi da aminci, amma sai an auna ido tukuna. Wanda ake saya a kasuwar Argungu ba tare da awo ba, ba ya gyara wannan matsala, domin kowane ido da ƙarfi da kusurwar da ake yanka masa gilashi. Ana yin awon a manyan asibitocin Birnin Kebbi. Idan abin ya yi tsanani, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Gilashin mannawa a ƙwayar ido yana buƙatar tsafta sosai. Bai dace da masuntan kogin Matan Fada ko manoman shinkafa a fadama ba, saboda ruwan kogi na ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke iya makantar da ido. Ƙurar hunturu ma tana takura mai shi.

Tiyatar leza tana da tsada, kuma sai wanda ya kai shekara 18, awonsa bai canza ba tsawon shekara guda.

Yaron da ke ƙanƙance ido wajen kallon allo, a kai shi awo da wuri, kafin idon ya saba da raunin gani.